Green Goddess: tambayoyi da amsoshi kan koriyar motar kashe gobara ta Birtaniya

Duk wanda idonsa ya saba da jar motar 'yan kwana-kwana, in aka nuna masa hoton wannan zai ce ta soja ce. Koriya ce shar, doguwa, gabanta a miƙe ba hanci, da tsani kwance a kanta. Mutanen Birtaniya suna ce mata Green Goddess, ta kuma shafe shekara kusan 50 a hannun gwamnatinsu. Na daɗe ina bin labarinta, domin a ganina an fi yi mata hukunci da aikin da ba dominsa aka ƙera ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin mota ce, su wa kuma suka ƙera ta?

Sunanta na takarda Bedford RLHZ. A hukumance abin da aka kira ta shi ne famfo mai tafiya da kansa. Ka riƙe wannan sunan da kyau, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

An ƙera ta tsakanin 1953 da 1956, bisa odar ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya. Bedford reshen manyan motoci ne na kamfanin Vauxhall da ke garin Luton, wanda a lokacin yake hannun General Motors na Amurka. Dattawanmu da suka yi zamanin Bedford mai bodin katako ba baƙin wannan suna ba ne. Ƙashin motar, wato shasi da inji da giya, na Bedford RL ne, babbar motar da sojan Birtaniya ke ɗaukar kaya da dakaru da ita, wadda ƙafafunta na gaba da na baya duk suke ja. Akwai rukunin farko da ake kira SHZ, wanda ƙafar baya kaɗai ke ja. Bodin kuwa an raba wa kamfanoni da dama, har da masu ƙera bodin bas, kowa ya bi zane iri ɗaya. Dubbai aka ƙera.

Sunan Green Goddess laƙabi ne kawai da ya bi bakin jama'a. Kalmar farko tana nufin kore, ta biyu kuwa sunan da ake ba abar bauta mace a tatsuniyoyin Girkawa da Rumawan da.

Me ya sa gwamnati ta kashe kuɗi a kan dubban motoci irin wannan, alhali kowane gari yana da nasa 'yan kwana-kwana?

Saboda abin da suka gani da idonsu a Yaƙin Duniya na Biyu. A daren 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa tsakiyar Landan ruwan bama-bamai masu cinna wuta. Bama-baman sun farfasa manyan bututun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, kogin Thames kuma ya janye a daren, sai taɓo a bakinsa. Ga maza, ga motoci, ga mesa, amma ruwan da za a watsa ya yi ƙaranci, unguwanni suka ƙone ƙurmus. An kuma gano wata matsalar a wannan yaƙi: hukumomin kashe gobara na ƙasar sun haura 1,000, kowacce da irin kayanta, har ta kai mesar wani gari ba ta ɗauruwa a famfon wani. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1941 aka haɗe su duka wuri guda ƙarƙashin hukumar ƙasa, kafin a mayar wa ƙananan hukumomi a 1948.

Yaƙi ya ƙare, sai yaƙin cacar baka ya kankama. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na ƙare dangi. Masu tsara kariyar farar hula a Landan sun san abin da ya faru a Hamburg a 1943 da Hiroshima a 1945, inda gobara ta haɗe ta zama guguwar wuta. Lissafinsu shi ne, in bam ya sauka a babban birni, tashoshin kwana-kwana na cikinsa za su tafi tare da shi, ruwan famfo zai ɗauke, tituna za su cika da ɓaraguzai. Taimako dole daga waje zai zo, ruwa kuma dole a jawo shi daga kogi ko tafki, ko da nisan ya kai kilomitoci. Don haka aka farfaɗo da rundunar 'yan sa-kai ta kashe gobara da ake kira AFS, wadda aka fara kafawa a 1938, aka kuma yi mata odar wannan mota. Tsarin shi ne motocin su yi ayari-ayari a wajen birane, in abin ya faru su nufo ciki tare da motocin ɗaukar mesa, da na bututu, da na abinci, da babura masu kai saƙo.

Me ya sa kore ba ja ba?

Ja na hukumomin garuruwa ne. Kore kuwa launin motocin AFS ne, waɗanda na gwamnatin tsakiya ne. A Ireland ta Arewa, inda aka yi shekaru ana tashin hankali, an shafa wa waɗanda aka tura can fenti ruwan ɗorawa, don kada a ɗauke su motocin soja a kai musu hari.

An ce tankinta ƙarami ne. Ta yaya motar kashe gobara za ta zo da ruwa kaɗan?

A nan ne aka fi yi mata mummunar fahimta. Mai jan ƙafa huɗu tana ɗaukar galan 300 na awon Ingila, kusan lita 1,400, wato duro 7. Ta rukunin farko tana ɗaukar galan 400. Babban famfonta kuwa, na kamfanin Sigmund, wanda ke zaune a bayan motar yana karɓar ƙarfi daga injinta, yana iya tura galan 900 a minti ɗaya, kusan lita 4,100. Duro 20 ke nan a minti guda. Yi lissafin da kanka: da za a buɗe famfon iya ƙarfinsa a kan tankin motar, cikin daƙiƙa 20 ya zuƙe shi tas.

Ba wanda zai haɗa famfo mai wannan ƙarfi da tanki irin wannan in nufinsa tankin ne zai kashe wuta. Ruwan tankin na tashin farko ne, a tare ƙaramar wuta da siraran mesa guda biyu da ke naɗe a gefen motar, kafin a haɗa ta da ruwa na gaske. Ainihin aikinta shi ne ta tsaya a bakin kogi ta zuƙo, ko ta tsaya a tsakiyar hanya ta karɓa ta ƙara wa ruwan ƙarfi ta tura gaba. Shi ya sa aka ba ta ƙafa huɗu masu ja da tsayi daga ƙasa: don ta sauka gangaren rafi, ta bi ta gona, ta hau kan ɓaraguzai.

To yaya ake jawo ruwa daga nesa haka?

Mu ɗauka ga kogi, ga wuta can a nesa. Mota ta farko za ta yi baya-baya har bakin ruwa. Maza su sauke bututun zuƙa, wanda ba irin mesar da ake naɗewa ba ne. Mai tauri ne, da ƙarfe a cikin jikinsa, don in da laushi ne zai manne da zarar an fara zuƙa. Su ɗaura gaɓa-gaɓa, su matse kowace mahaɗa sosai, don ko ƙaramar kafa ta bar iska ta shiga, aiki ya lalace. A bakinsa su sa matacin da zai tare ciyawa da tsakuwa, su ɗaure shi da igiya su jefa, a tabbatar ya nutse sosai amma bai kwanta a taɓo ba.

Famfo irin wannan mai farfela ne a ciki, tana juyawa tana wurga ruwa waje. Ruwa yake turawa, ba ya iya zuƙar iska. Dole sai an fara fitar da iskar da ke cikinsa da cikin bututun, sannan nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan kogin ya hau da kansa. Wannan ne ya sa ake matsowa da mota dab da ruwa: komai ƙarfin famfo, ba ya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 8. Mai kula da famfo yana tsaye a baya, idonsa a kan allurar ma'auni, hannunsa a kan totur. Da ruwa ya kama, ƙarar injin takan sauya, ta yi nauyi, mesar da ke kwance a ƙasa kamar ƙyalle ta kumbura ta miƙe, har ta yi taurin da in ka taka ta ba za ta lotsa ba.

Daga nan ruwa ya kama hanya a cikin mesa mai faɗin inci 6. Wannan faɗin ba ado ba ne. Ruwa yana gogar jikin mesa, yana rasa ƙarfi a hanya, kuma asarar tana raguwa ƙwarai da zarar an ƙara faɗi. Mesar da 'yan kwana-kwana ke riƙewa faɗinta inci 2 da kwata uku ne. In ka tura ruwa iri ɗaya ta cikin wannan da ta inci 6, asarar ƙarfi a babbar takan yi ƙasa da ta ƙaramar kusan sau 50. Duk da haka ƙarfin yana ƙarewa in tafiya ta yi nisa, sai a ajiye mota ta biyu a inda ya fara sanyi, ta karɓa ta tura wa ta uku, haka-haka har bakin wuta, inda za a raba ruwan a ƙananan mesa, ko a zuba a babban tafkin roba da ake kafawa nan take kowa ya ɗiba.

Aiki ne na haɗin kai ƙwarai. In na tsakiya ya ja fiye da abin da na bayansa ke turo masa, mesar da ke tsakaninsu za ta shafe. In wani ya rufe bawul farat ɗaya, ruwan zai yi duka da baya, ya iya fasa mesa ko ya tsinke mahaɗa. Abin da 'yan AFS suka yi ta atisaye a kansa ke nan a ranakun ƙarshen mako, bayan sun tashi daga ayyukansu na ofis da masana'anta. Har da kwale-kwalen roba suke da su, masu ɗaukar ƙananan famfuna zuwa tsakiyar ruwa in bakin ya yi taɓo. Ba su manta da daren Thames ba.

Ban da babban famfo, me take ɗauke da shi?

Mesa mai tsawon ƙafa 1,600 ko fiye, da kawunan feshi iri-iri, da tsani mai zarcewa wanda ya ɗan haura mita 10, da gatari, da igiya, da tukwanen kashe ƙaramar wuta. Mutum 6 take ɗauka: direba wanda shi ne kuma mai kula da famfo, da shugaban ayari a gefensa, da mutum 4 a bencin baya.

Sai kuma ƙaramin famfo mai injinsa na kansa, ƙirar Coventry Climax, wanda ake saukewa a ɗauka da hannu a kai inda mota ba ta isa, yana kuma tura galan 350 a minti. Wannan ɗan injin yana da labarinsa. Gwamnati ce ta nemi famfo mara nauyi mai ƙarfi, injiniyoyi biyu, Walter Hassan da Harry Mundy, suka zana masa inji na alminiyam mai iya tashi ya yi gudu nan take ba sai ya yi zafi ba. Masu tseren mota suka ga ai abin da suke nema ke nan. Aka ɗan gyara shi aka sa a motocin tsere na Lotus da Cooper, daga nan kamfanin famfon gobara ya zama babban suna a tseren motoci na duniya.

Abin da ba ta da shi ma ya kamata a faɗa: babu rediyon oba-oba, babu tukunyar iskar shaƙa ta shiga hayaƙi, babu almakashin yanka ƙarfe na fito da wanda mota ta danne.

Yaya tuƙinta yake?

Sai mai ƙarfin dantse. Sitiyarinta ba ya da na'urar sauƙaƙa juyi, in motar na tsaye sai ka sa jikinka duka. Injin fetur ne mai silinda 6, lita 4.9, ƙarfin doki 110, wanda ƙananan motocin gida da yawa na yau sun fi shi, ga shi kuma yana jan tan-tan na ƙarfe da ruwa. An fi jin daɗinta a gudun kilomita 70 a awa. Mai kuwa tana sha ba sauƙi: lita ɗaya kilomita 3 ko ɗan sama da haka.

Haɗarinta yana wurin shan kwana. Tsayin da ke taimakonta a gona shi ne ke cutar ta a kwalta, don nauyinta yana sama. In tanki ya yi rabi abin ya fi muni: ka karya kwana hagu, ruwan ya kwaso gaba ɗaya ya daki gefen dama, motar ta karkata. Gidan direba kuma ƙashinsa na katako ne aka lulluɓe da ƙarfe, ba shi da kariyar kirki in ta kife.

Ta taɓa yin aikin da aka ƙera ta dominsa?

Alhamdulillahi, ba ta taɓa ba. Ba a jefa wa Birtaniya bam ɗin ƙare dangi ba. Gaskiya ma tun motocin suna fitowa daga masana'anta lissafin ya fara rushewa, don an shiga zamanin bam na haidurojin, wanda ya ninka na Hiroshima sau ɗaruruwa. Wani rahoton sirri da kwamitin William Strath ya miƙa wa gwamnati a 1955 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan bama-bamai guda 10 za su kashe mutum miliyan 12 a ƙasar. A gaban wannan, ayarin famfuna ba zai tsinana abin da aka yi fata ba.

Amma ba zaman banza suka yi ba. 'Yan AFS sun riƙa fita da su suna dafa wa 'yan kwana-kwanan garuruwa a manyan gobara, da kuma lokacin ambaliya, inda famfon da ke kawo ruwa shi ne kuma ke kwashe shi daga unguwa. A irin wannan aiki ba a jin kowa yana kushe ta.

Me ya faru a 1968?

Tattalin arziki ya matsa, an karya darajar fam a ƙarshen 1967, gwamnatin Harold Wilson ta shiga neman inda za ta rage kashe kuɗi. Aka rushe AFS tare da rundunar kariyar farar hula a ƙarshen Maris na 1968. An sayar da wasu motocin, aka kai sauran rumbunan ajiya. Abin da ya fi damuna a wannan mataki shi ne, an ajiye ƙarfen an sallami mutanen. Waɗanda suka san yadda ake shimfiɗa layin ruwa na kilomitoci suka koma gidajensu, ilimin ya tafi da su.

Yaya aka yi ta koma hannun sojoji?

Yajin aiki ne ya kawo haka. An fara ganin sojoji a cikinta a wasu yaje-yajen gari guda, kamar na Glasgow a 1973, amma babban shi ne na 1977. A lokacin tsadar rayuwa ta ci albashi, gwamnatin James Callaghan ta sa ƙa'ida cewa ƙarin albashi kada ya wuce kashi 10 cikin 100. 'Yan kwana-kwana, waɗanda ke aikin awa 48 a mako, suka nemi kashi 30. Da tura ta kai bango, ƙungiyarsu ta FBU ta shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, na farko a tarihinta, ranar 14 ga Nuwamba 1977. Mako 9 aka yi, cikin tsananin hunturu, sai a Janairun 1978 aka sasanta a kan kashi 10, da alkawarin rage awanni zuwa 42, da wani tsari na ɗaure albashinsu da na ƙwararrun ma'aikatan hannu.

Cikin waɗannan makonni dubban sojoji ne suka riƙe ƙasar da koren motoci. Yawancinsu samari ne da aka yi wa horon 'yan kwanaki. Da yake ba rediyo, kuma ba su san unguwanni ba, motar 'yan sanda ce ke shiga gaba tana nuna hanya. Jajayen motoci na zamani kuwa suna kulle a tashoshi, masu yaji na tsaye a ƙofa suna jin ɗumin wuta a cikin duro. Gwamnati ba ta so a ga soja yana kutsawa ta cikinsu ya ɗauki mota, sojojin ma ba su san kan waɗannan motoci ba.

Dole a yi wa masu yajin adalci: sau da yawa in labari ya zo cewa akwai rai a cikin wuta, sukan bar bakin ƙofa su ruga su taimaka. Su ma sojojin sun biya da jininsu. A Disambar 1977, a birnin Manchester, ɗaya daga cikin motocin ta kife a hanyar amsa kira, sojoji biyu suka rasu.

To ke nan gaskiya ne da ake cewa ta gaza?

Ya danganta da aikin da ka auna ta da shi. Gobarar gida a birni tana son abu uku: a iso da wuri, a shiga cikin hayaƙi a fito da mutane, a kai tsani bene na sama. A duka ukun ba ta kai jar mota ba. Ba ta da sauri, ba ta da kayan shaƙa, tsaninta bai wuce bene na biyu ko na uku ba. Abin da sojoji suka fi iya yi shi ne su tsaya a waje su yi ta ambaliyar ruwa, su hana wutar tsallakawa maƙwabta. Wannan kuwa sun yi shi, don a watsa ruwa ba a barin ta a baya.

Ni dai ban ga laifin waɗanda suka zana ta ba. An ce su yi famfon da zai bi ta daji ya kawo kogi cikin gari, wanda ɗan sa-kai zai iya koyo, makanike kuma ya gyara da sifana a gefen hanya, sun kuma yi. In akwai abin tambaya, yana kan waɗanda suka mayar da ita madogarar ƙasa a ranar yaji har shekara 30 da wani abu, suna sane da abin da ta rasa, suna tura 'ya'yan mutane a cikinta.

An ce har a 2002 an fito da ita. Da gaske ne?

Da gaske. A zamanin Tony Blair, FBU ƙarƙashin Andy Gilchrist ta nemi ƙarin kusan kashi 40, don albashin ƙwararren ɗan kwana-kwana ya kai fam 30,000 a shekara. Yajin farko, na awa 48, ya fara ranar 13 ga Nuwamba 2002, wasu suka biyo baya har cikin 2003, aka ƙare a kan kashi 16 a watan Yuni. An fito da koren motoci fiye da 800, da dakaru kusan 19,000 daga sojan ƙasa da na ruwa da na sama, a daidai lokacin da ake shirin yaƙin Iraƙi, abin da manyan hafsoshi suka fito fili suka nuna damuwa a kai.

Wannan karon an ɗan koyi darasi. An haɗa su da ƙananan ayari na musamman masu kayan shaƙa da na yanka ƙarfe, galibi daga 'yan kwana-kwanan sojan sama da na ruwa, an kuma samo wasu jajayen motoci daga wuraren horo. Amma ƙashin bayan aikin dai motar 1950 da wani abu ce, wadda ta girmi iyayen wasu daga cikin masu tuƙa ta.

Ta yaya mota ta kai shekara 50 tana tashi?

Ba ta yi tafiya ba, shi ne sirrin farko. Da yawansu da aka zo sayarwa, abin da ke kan mitarsu bai wuce mil 'yan dubbai ba. Na biyu, kulawa: an tara su a wani babban rumbu a Marchington, cikin gundumar Staffordshire, a ƙarƙashin rufi, ana yi musu sabis, ana fita da su kan titi lokaci-lokaci don kada birki ya kama ko taya ta bushe. Na uku, ba abin ɓoye a jikinta. Kafireta ce, da fulogi, da waya, babu kwamfuta. Duk makaniken da ya taɓa buɗe tsohuwar Bedford ya san inda zai sa hannu.

Ina suke yanzu?

A 2004 aka yi sabuwar dokar hukumomin kashe gobara, nauyin tanadin ranar yaji ya koma kan kowace hukuma, ta yi nata shiri da motocin zamani. A shekarar aka gwada sayar da guda 40, daga 2005 kuma aka yi gwanjon sauran, waɗanda suka haura 900. Da yawa an fitar da su ƙasashe masu tasowa, galibi a Afirka. Wasu suna gidajen tarihi, wasu suna hannun masu sha'awar tsofaffin motoci, suna wanke su suna kai su bukukuwan nuni.

Irin wannan mota za ta yi amfani a garuruwanmu?

Motar kanta ta tsufa, kayan gyaranta sun yi wuya, fetur ɗin da take sha kuma ba kowace hukuma ce za ta jure ba. Tunanin da ya haife ta ne nake ganin ya shafe mu.

Na taɓa tsayawa a wata gobarar shaguna cikin hunturu, iska na kaɗawa. Motar kwana-kwana ta iso, ma'aikatan suka yi aiki tsakani da Allah, har wutar ta fara kwanciya, baƙin hayaƙi ya koma fari. Sai na ga mesar ta yi laushi a hannun mai riƙe da ita, ruwan ya koma tsiyaya. Tanki ya ƙare. Suka naɗe, suka tafi ɗebowa, jama'a na bin su da ihu da baƙar magana. Kafin su dawo, wutar ta ci shago uku a gaba, matasa na ta watsa ruwan jarka daga kurar 'yan ga-ruwa. Mutanen nan ba su yi laifin komai ba. Kowace mota a duniya, komai kyanta, 'yan mintoci ne ruwan cikinta. Kuma ga wani kududdufi cike da ruwa bai kai tafiyar minti goma a ƙafa daga wurin ba. Famfo da doguwar mesa kawai aka rasa. Duk kasuwar da ke da tafki, ko dam, ko babban tankin ƙasa a kusa, a iya auna nisan tun yau, a san mesa nawa za ta kai, a kuma gyara inda mota za ta tsaya ta zuƙa.

Me ya maye gurbinta a Birtaniya?

A aikin ranar yaji, jajayen motocin hukumomi da ma'aikatan wucin gadi. A aikinta na asali kuwa, bayan harin 11 ga Satumba 2001 gwamnati ta sayi sababbin kayan tinkarar manyan bala'o'i, cikinsu har da manyan famfuna da aka rarraba wa hukumomi a faɗin ƙasa. Su ba a jikin mota suke ba. Babbar mota ce ke sauke su, a jefa kan famfon cikin ruwa yana shawagi, ya riƙa turowa daga can, don haka iyakar nan ta mita 8 ba ta shafe shi ba. Kowanne yana tura lita 7,000 a minti, yana tafe da mesa ta kilomita 3.

Ba a jima ba aka gwada su. Ranar 11 ga Disamba 2005, a shekarar da ake gwanjon koren motocin, ma'ajiyar mai ta Buncefield da ke Hemel Hempstead ta yi bindiga, tankuna kusan 20 suka kama, aka kwana huɗu ana fama. Ruwan da aka haɗa kumfar kashe wutar da shi, daga wani tafki mai nisan kusan kilomita 2 waɗannan famfuna suka jawo shi. A ambaliyar 2007 kuma su ne suka kwana suna kwashe ruwa daga tashar lantarki ta Walham kusa da Gloucester, don kada wuta ta ɗauke wa dubban ɗaruruwan gidaje. Faɗin mesarsu milimita 150 ne, wato inci 6, daidai da wadda 'yan AFS ke shimfiɗawa a atisayen ƙarshen mako shekara 50 kafin nan.